Ƙofar Ruwa: Inda Akori-kura Ke Sauya Ƙafa

"Maigida, ina motar take shiga?" Da wannan tambaya gogaggen mai sayar da taya a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano yake tarbar direban akori-kura, tun ba a zo maganar kuɗi ba. So yake ya ji ko kwalta motar take bi, ko burji, ko kuwa irin hanyar nan da amalanken shanu ya fasa, wadda take komawa kwata da damina, da rani ta zama yashi zalla. Amsar da ya samu ita ke nuna masa tsibin da zai tura yaro ya garo taya.

Kasuwar tana ƙaramar hukumar Dala, ta ci sunan ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birni, kuma an san ta da kayan gyaran mota da rodi da kayan gini. Wajen masu taya ba ya ɓuya. Warin roba da rana ta daka ya gauraya da na baƙin mai, tayoyi a jibge sun fi tsayin mutum, sababbi a naɗe cikin leda, na hannu an watsa musu ruwa sun yi baƙi wuluk. Yaran shago na gara su da tafin hannu tsakanin masu baro, injin iskar mai faci na ta tari a gefe.

Mai sabuwar Hilux da ba ta wuce cikin gari yakan nuna taya mai faɗi, wadda za ta cika ido idan an faka a ƙofar gida. Direban da ke kwaso buhunan masara da wake da riɗi daga kasuwannin ƙauye zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau shi kuwa siririya doguwa yake nema, kuma lambarta tana bakinsa: 7.50R16, ko 'yar'uwarta 235/85R16.

Lambobin nan ba ado ba ne. A 235/85R16, 235 faɗin tayar ne a milimita, 85 na nufin tsayin haƙarƙarinta kashi 85 cikin ɗari ne na faɗin, 16 kuma girman wilin ne a inci. In aka lissafa, tsayin tayar daga ƙasa zuwa sama ya ɗan haura santimita 80. A jera ta da 265/75R16, wadda masu son faɗi ke saye, sai a ga tsayinsu kusan ɗaya, amma siririyar ta rage santimita 3 a faɗi. A kan wannan tazara da ba ta wuce yatsu biyu ba ake tafka gardama a rumfunan nan.

Hujjar direbobin ƙauye daga hanya suka samo ta. Yawancin taɓon damina a hanyar burji ba shi da zurfi: laka ce a sama, tsandauri a ƙasa. Siririyar taya tana yanka lakar kamar wuƙa har ta taka ƙasa mai ƙarfi ta kama, mai faɗi kuwa sai ta hau bisa tana santsi, tana jujjuyawa a wuri ɗaya. Ga kuma sawun da amalanke da wasu motoci suka bari. Siririya tana zama cikinsa daram, ba ta goga haƙarƙari a kututturen dawa ko ƙayar da ke bakin hanya. Sitiyari ya fi sauƙin murzawa, mai ya fi auki, tsayin kuma yana ɗaga cikin mota daga tudun da ke tsakiyar hanya, wanda shi ne ke dakan ƙasan ƙananan motoci.

A yashi ne mutum zai zaci mai faɗi za ta ci gari, amma direbobin Agadas da ke ratsa hamadar Tenere, da waɗanda suka riƙa kai masu haƙar zinariya Djado tun 2014, sun daɗe suna tafiya a kan 7.50R16, wadda kamfanin Toyota ke fito da akori-kurar Land Cruiser da ita a ƙasashe da yawa. Sirrin yana wajen iska. Idan aka sace iskar doguwar taya zuwa wajen 20 a ma'aunin iska ko ƙasa da haka, sawunta yana ƙara tsawo gaba da baya fiye da yadda yake ƙara faɗi, sai ta shimfiɗu kamar tafin raƙumi ba tare da ta tara tulin yashi a gabanta ba. Direban da ke shiga tuddan yashin Yusufari a jihar Yobe dabarar da yake yi ke nan. Sharaɗinta ɗaya: da an hau kwalta a mayar da iska, domin taya mai ƙarancin iska tana ɗaukar zafi da gudu har ta fashe.

Tana da inda take gazawa. A fadama mai cabi, inda babu tsandauri a ƙasa, nutsewa take yi har wili. A kwalta kuma, musamman a kwana ko in an taka birki da ƙarfi, ba ta kama titi kamar mai faɗi, kuma dogon haƙarƙarin yana sa mota rangaji in lodi ya yi tsini. Mai sayarwa na kirki yakan faɗi wannan ko da zai rage masa ciniki.

Daga nan sai maganar ƙarfi. A jikin taya akwai 8PR ko 10PR, wato ninki takwas ko goma, kodayake a tayoyin zamani ma'aunin ƙwari ne kawai, ba lissafin shimfiɗun zare ba. Akwai kuma lambar nauyi: 120 na nufin tayar za ta ɗauki kilo 1,400 idan iskarta ta cika. Sai dai ƙwarin taya ba ya ƙara wa sifirin ko birki komai. Hilux an yi ta ne don kaya na wajen tan ɗaya, buhu goma ke nan na masu kilo ɗari, kuma kowa ya san abin da ake ɗora mata ranar kasuwa.

Babu ɗaya cikin tayoyin nan da aka yi a gida. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina yin taya a Ikeja a 2008, tun daga nan kasuwa ta koma hannun masu shigowa da kaya ta Legas, mafi yawa daga Sin da sauran ƙasashen Asiya. Kusa da su ga na hannu, waɗanda ake kira Beljiyam, duk da cewa tsofaffin tayoyi irin waɗannan suna cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su. Arharsu ke jan talakan direba, kuma a nan ne abin ke da ban tsoro. Taya tana iya zuwa da zane ɓaro-ɓaro alhali robar ta bushe ta mutu. Wata an sake yanka mata zane da wuƙa. Har sabuwa ma ba ta tsira ba, don hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta sha kama tayoyin da aka cusa cikin juna a kwantena don a rage kuɗin dako, abin da ke lanƙwasa wayar bakinsu.

Shi ya sa direban da ya san ciwon kansa yake durƙusawa, ya tofa yawu a yatsa, ya goge ƙurar da ke bayan haruffan DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwar taya: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa. Bayan haka ya zura hannu ciki yana laluben tsohon faci, ya danna haƙarƙari ya ga ko tsaga za ta buɗe baki. Mutum ashirin na iya hawa bayan motar nan gobe, har da mata da goyo, don haka wannan durƙuson ya fi duk wani tayi muhimmanci.

Tayin kansa ba ya daɗewa. Ya taya, a ce albarka, ya ƙara, a sallama, a ba yaron da ya garo na goro. Wanda ya iya saye huɗu yake ɗauka iri ɗaya, har da safaya in hali ya yi, domin motar da ake haɗa wa ƙafa huɗu ba ta son tayoyin da tsayinsu ya bambanta. Giyar ce ke shan wahalar.

Wajen mai faci ake gane ko an yi dace. Tayar 235 tana son wili mai faɗin inci 6 zuwa 7 da rabi, in ya wuce haka bakinta ba ya zama, kuma da an sace iska a yashi sai ta zame. Wili ma ba a aro shi barkatai: na Hilux mai ƙafa huɗu noti shida ne, na akori-kurar Land Cruiser ta 79 biyar. Tsohon wilin nan mai zobe, wanda ake sa wa tif, direbobin daji na son sa saboda mutum ɗaya da ƙarfe biyu zai kwance shi a gindin bishiya, amma zoben da bai zauna daidai ba yana tashi da ƙarfin da ke kashe mutum. Tsohon hannu yakan kifa zoben ƙasa, ya kori yara daga wurin, ya ba da iska kaɗan-kaɗan yana saurare.

An ɗaura, sai a murza sitiyari har ƙarshe hagu da dama a ji ko tayar na gogar jikin mota, a kuma tuna cewa lodi zai sauko da bayan. Motar da ta saba da 205R16 ta ƙara tsayin taya da kusan kashi 10 cikin ɗari, saboda haka maleji zai riƙa nuna 100 alhali gudun ya doshi 110, kuma za a ji ta ɗan yi nauyin tashi a hawa. Yaron mota ya bi notuna yana ɗaurewa a tsallake, wannan sannan na daura da shi, ya hau kan sifana da ƙafa. Direba ya jefa tsofaffin tayoyin a baya, don masu yanka takalma da masu guga suna saye, ya kama titin Katsina. In ya kai Bichi zai tsaya ya sake bin notunan ɗaya bayan ɗaya.