Gyaran tsohuwar karaban: kafin ƙyallin alminiyum, a fara duba ƙasan ɗaki

A shafukan sayar da kayan hannu na intanet a Amurka, irin su Facebook Marketplace da Craigslist, ba a rasa hoton wani dogon ɗaki na alminiyum mai taya, an ajiye shi a bayan gida ko a gona, ciyawa ta kusa rufe tayoyinsa. Irin wannan ɗaki ne ake ɗaurawa a bayan mota idan iyali za su tafi hutu, a cikinsa akwai gado da wurin girki da makewayi. Masu jin Faransanci sun san shi da suna karaban.

Da yawa daga cikin waɗanda ake tallatawa sun haura shekara 50, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na sabuwa ba, wadda kan kai dubban daloli masu yawa, wata ma ta wuce dala 100,000. Wannan rata ce ke jan hankalin matasa, har da baƙin da suka je neman na kansu, waɗanda ke hangen mayar da ita shagon sayar da abinci, ko wurin aski, ko ɗakin haya ga masu yawon buɗe ido. Sai dai masu wannan sana'a sun daɗe da sanin cewa farashin saye shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin, kuma ɓarnar da ke cinye kuɗi ba ta fitowa a hoto.

Jirgin sama maras fiffike

Sunan da ya fi fice a wannan fage shi ne Airstream. Wanda ya kafa kamfanin, Wally Byam, an haife shi a jihar Oregon a 1896, kuma ya fara ƙera ɗakunan tafiya a bayan gidansa da ke Los Angeles. A 1936 ya fitar da samfurin Clipper, mai jikin alminiyum da aka ɗinke da ƙusoshin ribet kamar yadda ake ƙera jirgin sama. Fasalin ya samo asali ne daga Hawley Bowlus, wanda ya yi aiki a ƙera jirgin Spirit of St. Louis da Charles Lindbergh ya ƙetare Tekun Atlantika da shi a 1927. Alminiyum, wato ƙarfen da ake narkawa a zuba tukwane da shi a kasuwar Katako ta Yamai, ba shi da nauyi kuma ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Shi ya sa jikin waɗannan ɗakuna ke daɗewa.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aikin ya tsaya, saboda gwamnati ta keɓe alminiyum ga jiragen yaƙi. Bayan yaƙin kamfanin ya farfaɗo, a 1952 kuma ya buɗe masana'anta a garin Jackson Center na jihar Ohio, inda har yau ake ƙera su. Tun 1980 yana hannun kamfanin Thor.

Afirka na da gurbi a tarihinsa. A 1959 Byam ya jagoranci ayarin karaban 41 daga birnin Cape Town na Afirka ta Kudu zuwa Alƙahira, inda suka ratsa Kongo da Yuganda da Kenya da Habasha da Sudan, galibi a kan hanyoyin da ba su ga kwalta ba. A Habasha sun gana da Sarki Haile Selassie, kuma hoton da aka ɗauka na ayarin kusa da dalar Giza na daga cikin waɗanda masu sha'awar Airstream suka fi yaɗawa. Byam ya rasu a 1962. Shekara bakwai bayan haka, a watan Yulin 1969, a cikin wata Airstream da aka sake wa fasali hukumar NASA ta killace Neil Armstrong da Buzz Aldrin da Michael Collins bayan dawowarsu daga duniyar wata, kuma ta tagarta Shugaba Richard Nixon ya gaisa da su.

Wannan tarihi ne ya sa tsofaffin suke da kasuwa. Annobar korona ta ƙara hura wutar, domin mutane sun guji otal da jirgi: a 2021 masana'antun Amurka sun fitar da motoci da ɗakunan shaƙatawa kimanin 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Wanda bai iya sayen sabuwa ba sai ya koma neman tsohuwa.

Ruwa ne babban maƙiyi

Airstream tana da sassa uku: shasi na baƙin ƙarfe a ƙasa, falankin katako a kan shasin, sai ɓawon alminiyum a sama. Abin da sabon shiga ba ya ganewa shi ne falankin yana cikin abin da ke riƙe da ginin. Ɓawon yana zaune ne a kan gefen katakon, ta cikinsa aka ɗaure shi da shasi. Idan katakon ya ruɓe, ɓawo da shasi sun fara rabuwa ke nan.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan sama kan bi ta gefen taga, ta ƙofa, ta hular iska da ke kan rufi ko ta ribet ɗin da ya saki, ya gangara tsakanin bangon waje da na ciki ba tare da kowa ya gani ba, ya taru a ƙasa. Audugar gilashin da aka cusa don tare sanyi da zafi sai ta sha ruwan ta riƙe shi, katako ya ruɓe, shasi ya yi tsatsa. Dogayen samfuran shekarun 1970 masu makewayi a baya sun yi suna da wannan ciwo, inda gindin ɗakin kan saki daga shasi.

Saboda haka gwanaye kan je duba karaban da sukundireba da tocila. Suna caka katakon a kusurwoyi, a bakin ƙofa, ƙarƙashin tagogi da bayan makewayi. Inda sukundireba ta nutse, ruɓa ce. Wani kan hau bamban baya ya ɗan yi tsalle, wani na kallo: idan bamba ta motsa amma ɓawo bai bi ta ba, an samu rabuwa. Sannan a kwanta a leƙa cikinta, domin akwai falle na alminiyum da ke rufe shasin daga ƙasa, wanda kan ɓoye tsatsar shekaru. Sabuwar leda da aka shimfiɗa a tsohon ɗaki gab da sayarwa abin tuhuma ce.

Yadda ake cire ɓawo

Idan ɓarnar ta yi yawa, sai a yi babban gyara. Ana fitar da kayan ciki baki ɗaya, a sa wa kowane yanki lamba, a ɗauki hotonsa. Ana huda ribet ɗin bangon ciki a cire falle-falle, a tokare ɓawon da katakai don kada ya lanƙwashe, sannan a ɗaga shi sama da sarƙa ko jak, a janye shasin daga ƙarƙashinsa.

Daga nan aiki ya koma hannun mai walda: a kankare tsatsa, a yanke ƙarfen da ya mutu, a liƙa sabo, a shafa fenti mai hana tsatsa. Kafinta kuma ya yanka sabon falanki daidai da lanƙwasar tsohon, ya shafe gefensa da abin hana ruwa. Kuskuren santimita ɗaya ko biyu a nan kan sa ɓawo ya ƙi zama a mazauninsa.

Mayar da ribet aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana waje da bindigar iska, ɗaya yana ciki riƙe da dunƙulen ƙarfe da ƙusar za ta daku a kai ta baje. Ana amfani da ƙusar alminiyum, domin idan baƙin ƙarfe ya haɗu da alminiyum a wuri mai laima, alminiyum ne ke cinyewa ya zama farin gari. Haka zalika masu gyara suna guje wa silikon wajen toshe kafofi, saboda idan ya saki, sabon manne ba ya kama wurin da ya taɓa. Sun fi son manne na foliyuritan.

Abin da ke iya kisa

Akwai sassan da sakaci da su kan jawo asarar rai. Na farko shi ne ƙafafu. Tun farkon shekarun 1960 Airstream ke amfani da sandar taya mai roba a ciki a maimakon sifirin. Idan ɗakin ya shekara da shekaru a tsaye, robar kan ƙandare, duk wani rami na hanya sai ya bugi jikin kai tsaye, ribet su saki, taga ta fashe. Maganinsa sabuwar sanda da sabon birki. Taya kuwa tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a gefenta suna faɗin mako da shekarar da aka ƙera ta: 2318 na nufin mako na 23 na 2018.

Na biyu shi ne gas da wuta. Bututun gas na shekara 50 kan tsage, tsohon murhu da na'urar ɗumama ɗaki kan fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mai barci a rufaffen ɗaki. Ana gwada mahaɗar bututu da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa akwai yoyo, kuma ba a kwana a ciki sai an liƙa na'urar gargaɗi. Wayoyin lantarki, na batir mai bolt 12 da na gida mai bolt 120, sun fi sauƙin sakewa lokacin da bango yake buɗe.

Na uku shi ne ƙura. Tsofaffin tayil na ƙasa na iya ƙunsar asbestos, wanda shaƙarsa ke haddasa cutar huhu da kansa. Kashin ɓeraye kuma, musamman a yammacin Amurka, na iya ɗauke da ƙwayar cutar hanta-bairus. Ba a share shi a bushe. Ana jiƙa shi da ruwan jabel, a sa safar hannu da takunkumi na kirki.

Na huɗu shi ne nauyi. Mai son ƙawa kan sa tayil na dutse da kabad na katako mai kauri, ya manta cewa an ƙera shasin ne don kaya marasa nauyi. Ƙa'idar da aka saba bi a Amurka ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin ɗakin ya sauka a kan maɗaurin mota. Idan kaya suka rinjaya baya, karaban kan fara kaɗa wutsiya a kan babbar hanya har ta kifar da motar da ke janta.

Takardu kafin guduma

Mutum na iya gama gyara tsaf ya tarar ba shi da ikon hawa titi. A Amurka kowace jiha da dokarta kan takardar mallaka, kuma ɗakunan da aka ƙera kafin 1981 ba su da lambar shasi mai haruffa 17 da ake amfani da ita yanzu, abin da kan wahalar da rajista idan takardar asali ta ɓata. Mai niyyar sayar da abinci sai ya nemi izinin hukumar lafiya ta yankinsa, wadda ke da sharuɗɗa kan wurin wanke hannu da tankin ruwa, kuma birane da yawa sun hana zama na dindindin a cikin karaban a bakin titi ko a harabar gida. Ga ɗan Nijar da ke Greensboro ko New York, tambaya a ofishin da abin ya shafa kafin biyan kuɗi ta fi arha a kan tara.

A Turai, inda tsofaffin Eriba na Jamus da aka fara ƙerawa a ƙarshen shekarun 1950 suke da masoya, dokar ta bambanta. A Faransa, karaban da nauyin da aka yarje mata ya wuce kilo 500 tana buƙatar kart giris nata na kanta. Lasin tuƙi na B ya isa idan jimillar mota da karaban ba ta wuce kilo 3,500 ba. Daga nan zuwa kilo 4,250 sai an yi horon B96, abin da ya haura kuma sai lasin BE.

Ƙyalli a ƙarshe

Goge jiki har ya zama kamar madubi, wanda shi ne ke tara masu kallo a Instagram da TikTok, shi ne matakin ƙarshe. An yi jikin tsofaffin Airstream da alminiyum irin na jirgin sama, mai siririn lulluɓi na tsantsar alminiyum a sama, kuma wannan lulluɓin ne ke ƙyalli. Wanda ya sa samfefa mai kaushi ya cinye shi, ya bar tabon da ba ya gyaruwa sai an canja fallen. Ana fara cire tsohon banish da magani, sannan a bi da injin gogewa hawa-hawa, daga man gogewa mai kaushi zuwa mai laushi. Aikin kan ɗauki makonni, kuma iska da ruwa za su sake dusashe shi idan ba a sabunta ba.

Shafukan talla cike suke da ɗakunan da aka kwashe kayan cikinsu aka bar su fayau. Yawanci masu su sun fara da ɗoki ne, suka rushe ciki a ƙarshen mako guda, sannan suka ga shasi suka ga lissafi. Araha ba ta ado. Waɗanda suka kai ga gaci kan bi tsari ɗaya: takardu, shasi da tayoyi, falanki, toshe yoyo, wuta da gas da ruwa, kayan ɗaki, sannan gogewa.

A ƙasashen da ladan ma'aikaci ke da tsada, mafi yawan kuɗin wannan gyara na tafiya ne ga aikin hannu: walda, bugun kwano, kafinta, lantarkin mota da ɗinkin kujera. Waɗannan sana'o'i ne da matasa ke koya a garejin Maraɗi da Damagaram da Tawa, kuma wanda ya fita da ɗaya daga cikinsu yana da abin da masu tsofaffin karaban ke biyan kuɗi a kai. Abin da zai ƙara a kai shi ne sanin ƙa'idojin gas da lantarki na ƙasar da yake zaune, da lasin da doka ta tanada ga mai taɓa su.