Zaure da Muryar Mabuƙaci: Hukuncin Ƙofar Farfajiyar Tarayya a Shari'ar Yahudawa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wata mas'ala da ke cikin littafin Baba Batra na Mishna da Talmud, wato tilasta wa maƙwabtan da suka haɗa farfajiya su gina mata zaure da ƙofa. An bayyana yadda malaman Yahudawa suka ɗauki sirrin gida a matsayin haƙƙin da kotu ke iya tsaya wa, da yadda suka gindaya sharaɗin kada zauren ya yanke muryar talaka daga kunnen masu gida. Maƙalar ta nuna cewa a wurinsu tsarin ginin shi ke tabbatar da halaccinsa.

1.0 Gabatarwa

Mishna tarin hukunce-hukunce ne da aka tsara a ƙasar Galili wajen shekara ta 200 Miladiyya, ƙarƙashin jagorancin Rabbi Yahuda Hanasi. Malaman da suka biyo baya sun yi mata sharhin da ake kira Gemara, kuma haɗuwar biyun ita ce Talmud. Baba Batra, wanda ma'anar sunansa ita ce Ƙofar Ƙarshe, yana cikin sashen da ya shafi diyya da dukiya, ya kuma fara ne da hukuncin maƙwabtaka.

A garuruwan wancan zamani, gidaje da dama sukan buɗe ƙofofinsu cikin farfajiya guda wadda ake kira hatser, ita kuma ta buɗe ga lungu ko titi. A nan ake girki da niƙa da sauran ayyukan gida. Ɗakin da ake ginawa a bakinta shi ne bet sha'ar, wato gidan ƙofa. An zaɓi kalmar zaure a wannan maƙala domin ita ce mafi kusa da shi a ginin Bahaushe, duk da cewa zauren Bahaushe yawanci na gida ɗaya ne, wancan kuwa na tarayyar gidaje ne.

2.0 Kallo a Matsayin Cutarwa

Ba za a fahimci hukuncin zaure ba sai an fara da abin da malaman suka kira hezek re'iya, wato cutarwar da ake yi wa mutum ta hanyar kallo. Ba maganar kambun baka ake yi ba. Abin nufi shi ne, wanda ya san ana hangen sa ba ya sakewa ya yi harkokinsa, saboda haka an rage masa amfanin mallakarsa ko da ba a taɓa masa komai ba.

A farkon Baba Batra an yi muhawara a kan ko wannan ya kai a kira shi cutarwa, kuma hukuncin da ya tabbata shi ne ya kai. Daga nan aka fitar da rassa. Idan abokan tarayya suka raba farfajiya, kowane yana iya tilasta wa ɗan'uwansa su tayar da katanga a tsakiya, mai tsawon kamu 4. A babi na 3 an hana mutum ya buɗe ƙofa daidai da ƙofar maƙwabcinsa, ko taga daidai da taga, a cikin farfajiyar tarayya. Rabbi Yohanan ya danganta wannan da labarin Bal'amu a Littafin Ƙidaya, inda ya fassara cewa abin da ya burge Bal'amu a zangon Bani Isra'ila shi ne ƙofofin tantunansu ba sa fuskantar juna.

3.0 Tilascin Gina Zaure

A babi na 1, mishna ta 5, an hukunta cewa mazauna farfajiya suna iya tilasta wa wanda ya ƙi ya ba da kasonsa na kuɗin gina zaure da ƙofa. Dalili a fili yake: amfanin na kowa ne, kuma ba daidai ba ne mutum ya ci moriyar sirri da tsaron da bai sa ko sisi a ciki ba.

Rabban Shimon ɗan Gamaliyel ya saɓa, ya ce ba kowace farfajiya ce ke buƙatar zaure ba. A ganinsa, wadda ke bakin hanyar jama'a ita ce ke buƙata, wadda ke can cikin lungu kuwa babu dalilin ɗora wa mazaunanta wannan nauyi. Sauran malamai suka ba shi amsa da cewa wani lokaci cunkoso kan tura mutane har cikin lungu su faɗa farfajiyar. Daga baya Musa ɗan Maimun ya shigar da wannan tilasci cikin Mishne Tora, wadda ya kammala a Masar wajen 1180, a sashen hukuncin maƙwabta. Haka zalika Yusuf Karo ya kawo shi a Shulhan Aruk, wanda aka fara bugawa a birnin Benis a 1565.

4.0 Ƙissar Mutumin Kirki da Annabi Ilyasu

Da Gemara ta zo sharhin wannan mishna a shafi na 7, sai ta tayar da tambayar da mai karatu bai zata ba: ashe zaure abin alheri ne? Ta kawo labarin wani mutumin kirki da Annabi Ilyasu ya saba ziyarta yana zantawa da shi. Da mutumin ya gina zaure a gidansa, sai Ilyasu ya daina zuwa. Gemara ba ta faɗi dalili ba. Rashi, malamin garin Turwa a Faransa wanda ya rayu daga 1040 zuwa 1105, shi ya bayyana cewa zauren ya shiga tsakanin masu gida da talakawan da ke kira daga waje, har ba a jin muryarsu.

Akwai abin lura biyu a nan. Na farko, mutumin bai karya wata doka ba, babu kuma kotun da ta ci shi tara. Hukuncinsa shi ne rasa wani kusanci da yake da shi. Na biyu, ba a ce ya hana sadaka ko ya kori mabaraci ba. Abin da ya yi shi ne ya tsara gidansa ta yadda roƙo ba zai iso gare shi ba, wato ya kuɓutar da kansa daga nauyin ƙi ba tare da ya buɗe baki ya ƙi ba. Duk da haka Gemara ta ɗauki wannan ƙissa da nauyin da ya isa ta ƙalubalanci hukuncin Mishna: yaya za a tilasta wa mutum ya sa kuɗinsa a cikin abin da ya kori annabi?

5.0 Yadda Aka Warware Saɓanin

Gemara ba ta soke Mishna ba, ba ta kuma yi watsi da ƙissar ba. Ta ce zaure iri-iri ne, ta kawo bambanci huɗu. Na farko shi ne wurin da aka gina shi. A fassarar Rashi, zauren da ke ciki, bayan ƙofar farfajiya, shi ne abin zargi, domin talaka yana tsaye a waje gaban ƙofa rufaffiya, ga kuma ɗaki guda tsakaninsa da mutane. Wanda ke waje kuwa yana iya shiga cikinsa ya matso. Na biyu shi ne ko zauren yana da ƙyaure ko ba shi da shi. Na uku, idan yana da ƙyaure, ko akwai abin buɗe sakata. Na huɗu, idan akwai, ko ta ciki yake ko ta waje.

Idan aka lura da jerin, kowane mataki yana ƙara wa masu gida damar rufewa, amma ma'aunin bai sauya ba. A mataki na ƙarshe an yarda da zaure da ƙyaure da sakata, muddin wanda ke waje zai iya buɗewa da hannunsa. Ke nan abin da aka halatta karewa shi ne idon mai wucewa. Ƙyauren da ke buɗuwa ta waje yana tare kallo, amma ba ya tare mai buƙata.

Wannan ya dace da abin da ya biyo baya a babin. Bayan farfajiya, Mishna ta koma kan tilasta wa mazauna gari gina ganuwa da ƙofofi. Gemara ta kawo cewa baƙon da ya yi kwana 30 a gari ya shiga cikin masu ba da abincin talakawa, wata 3 asusun sadaka, wata 6 tufafi, wata 9 jana'iza, sai ya cika wata 12 kafin a nemi kasonsa na tsaron gari. Wato nauyin ciyarwa ya riga nauyin katanga hawa kansa.

6.0 Kammalawa

Mai nazarin ginin Bahaushe ba zai rasa abin kwatance ba. Zaure da shigifa, da yadda ake kauce wa daidaita ƙofofinsu, suna tare idon baƙo daga cikin gida, alhali zaure yakan wuni a buɗe, sallama da muryar almajiri suna isa ciki. Tambayar da malaman Talmud suka yi ta shafi gidajen da ake ginawa yanzu da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe da maigadi. Sun amince cewa sirri haƙƙi ne da ake biyan kuɗi a kansa dole, suka kuma nace cewa a duba ta ina sakata take buɗuwa kafin a yanke wa ginin hukunci.