Daren Bazara a Tsohuwar Jidda

Yawancin mutanen Afirka ta Yamma sun san Jidda ne a matsayin zango. Nan alhazai suke sauka su nufi Makka, wadda take da nisan fiye da kilomita 70 daga gabas, nan kuma suke komowa su yi tsaraba kafin jirgi ya tashi. Kaɗan ne daga cikinsu suke samun sukunin shiga tsohon garin, wanda mazaunansa suke kira Al-Balad. Alhali kuwa wannan gari yana da rayuwa tasa ta kansa, kuma wanda yake son ya gan ta a watannin zafi, sai ya jira faɗuwar rana.

Tarihi ya nuna cewa Halifa Usman ɗan Affan ne ya mai da Jidda tashar jiragen ruwan Makka, wajen shekarar 647. Tun daga nan arzikinta ya rataya a kan abu biyu, watau alhazai da fatauci. Kayan yaji na Indiya sukan biyo ta nan zuwa Masar, inda fataken Venis, birnin nan na Italiya mai hanyoyin ruwa maimakon tituna, suke saye su kai Turai. A farkon ƙarni na 16 aka kewaye garin da ganuwa saboda tsoron jiragen yaƙin Fotugal, waɗanda suka kawo hari a 1517 ba su yi nasara ba. Da aka buɗe mashigin Suwes a 1869 sai ciniki ya ƙara bunƙasa, attajirai suka shiga gina dogayen benaye. A 1947 aka rushe ganuwar, gari ya bazu.

Lokacin da damina take sauka a Kano da Maraɗi, daga Yuni zuwa Satumba, a Jidda bazara ce tsantsa. Ma'aunin zafi yakan kusanci 40, ga kuma gumin da iskar Bahar Maliya take kawowa. Magina na dā sun san wannan sarai, shi ya sa suka yi gininsu don yaƙi da zafi. Da dutsen murjani suke gini, wanda ake haƙowa a gaɓar teku, suna gitta katako a tsakanin sahun duwatsu don bango ya yi ƙarfi. Sukan ɗaga bene hawa huɗu ko biyar domin ya tari iska, su bar lungu matsattse a tsakani don gida ya yi wa gida inuwa. Abin da ya fi jan ido shi ne tagogin katako da suke fitowa daga jikin bango, waɗanda ake kira rawashin. An sassaƙa su da ƙananan ƙofofi kamar rariya, iska ta shiga, rana ta tsaya a waje, matan gida su ga titi ba a gan su ba. A jikinsu ake ajiye tuluna don ruwan sha ya yi sanyi. Da dare kuwa sai iyali su hau kan soro su kwana, kamar yadda aka saba a cikin birnin Kano.

Mafi shahara cikin waɗannan gidaje shi ne Gidan Nasif, wanda aka gina tsakanin 1872 da 1881. A nan Sarki Abdul'aziz, wanda ya kafa daular Sa'udiyya, ya sauka lokacin da ya shiga Jidda a watan Disamba na 1925. An yi matakalarsa da faɗi da sauƙin hawa, har ana cewa raƙumi yakan kai kaya bisa. A ƙofar gidan akwai wata tsohuwar darbejiya, wadda ake ba da labarin cewa a wani zamani ita kaɗai ce itaciya a garin.

Da rana, lungunan nan shiru suke. Amma da an idar da sallar isha'i sai gari ya farka. Kasuwar Alawi ta cika, ƙamshin turare da gahawa ya gauraye, a yi ta kai da kawowa tsakanin Ƙofar Makka da Masallacin Shafi'i har tsakar dare. A kan wannan tsohuwar ɗabi'a ta raya dare ne hukuma ta ɗora bikin da ake kira Mausimin Jidda, wanda aka fara a watannin Yuni da Yuli na 1440 bayan Hijira, watau 2019. A lokacinsa akan haskaka tsofaffin gidaje, a buɗe waɗansu ga baƙi, a yi kiɗe-kiɗe da wasannin kwaikwayo da baje kolin sana'o'in hannu.

Cikin wasannin gargajiya na Hijaz, babu kamar mizmar. Maza ne suke yin da'ira suna tafi da waƙa, ganguna suna tashi, sai mutum biyu su fito tsakiyar fage suna juya sanduna cikin gwaninta. A 2016 hukumar ilmi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNESCO, ta sa shi cikin jerin al'adun da 'yan Adam suka gada. Masana da dama suna ganin akwai hannun mutanen Afirka a cikinsa, kuma wannan ba abin mamaki ba ne. Shekara da shekaru Hausawa da Fulani da Barebari suna ratsa Cadi da Sudan a ƙasa, su ƙetare teku daga Sawakin, waɗansunsu su zauna a Hijaz ba su koma ba. Jikokinsu ne ake yi wa laƙabi da Hausawi da Fallata da Barnawi. Wanda ya ji ƙamshin gasasshen nama mai ƙuli-ƙuli da yaji a titin Jidda, aka ce masa sunansa siriya, zai gane cewa tsire ne ya yi aikin hajji ya zauna.

Bakin teku ma ba a bar shi a baya ba. Muhammad Sa'id Farsi, wanda ya shugabanci hukumar birnin a shekarun 1970 da 1980, ya ƙawata tituna da ɗaruruwan sassaƙe-sassaƙe, har da ayyukan Henry Moore na Ingila da Joan Miró na Sifen. Can cikin ruwa kuma maɓuɓɓugar Sarki Fahad, wadda aka ƙaddamar a 1985, tana cilla ruwan teku sama fiye da mita 250. Sai dai manyan bukukuwa guda biyu ba na bazara ba ne. Bikin finafinai na Bahar Maliya, wanda aka fara a Al-Balad a Disamban 2021, da nunin fasahar Musulunci da aka soma a tashar alhazai ta filin jirgin sama a Janairun 2023, duka da sanyi ake buɗe su.

To, amma duk wannan ƙawa tana tafe da damuwa. Dutsen murjani ba ya jure sakaci, gishiri da laima suna cinsa, katako kuma abincin wuta ne. Da attajirai suka ƙaura zuwa sababbin unguwanni bayan samun man fetur, sai gidajen suka koma hannun 'yan haya marasa hali, da yawa suka rushe ko suka ƙone. A 2014 UNESCO ta sa tsohuwar Jidda cikin wuraren tarihi na duniya, a 2019 kuma gwamnati ta ware riyal miliyan 50 don gyara gidaje 56 da suke gab da faɗuwa. Sai dai daga ƙarshen 2021 aka shiga rushe unguwanni masu yawa a kewayen tsohon garin, cikinsu har da waɗanda mutanen Afirka suka daɗe a ciki. Hukuma ta ce ba a gina su bisa tsari ba, masu suka kuwa suka ce an raba dubban talakawa da matsugunansu.

Gyaran bango da taga aiki ne na kuɗi da gwaninta, kuma an yi nisa da shi. Abin da ya fi wuya shi ne riƙe mutanen da suke raya daren, watau makaɗin mizmar, da mai tsire, da kafintan da ya gaji sassaƙar rawashin daga kakansa. Idan waɗannan suka watse, baƙo zai tarar da gidaje masu kyau da fitilu masu haske, amma ba zai tarar da garin da alhazai suka gina ba.