Shigowar Hunturu a Jihar Kano: Tsakanin Ɗari da Sanyi

Bahaushe yakan ƙidaya hunturu daga ranar da ya wayi gari ya ga hazo ya rufe gabas, leɓɓansa kuma suka soma tsagewa. Amma asalin al'amarin yana can nesa da ƙasar Hausa. Daga watan Nuwamba, iska mai sanyi takan taso daga Turai, ta ƙetare Bahar Rum, ta faɗo Libiya da Masar. Da yake ta fi iska mai ɗumi nauyi, sai ta kutsa ta ƙarƙashinta tana tura ta kudu. Idan ta iso arewacin Cadi, takan matsu tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ƙarfinta ya ƙaru, sannan ta afka wa kwarin Bodele, inda a zamanin dā ruwan Tafkin Cadi ya kwanta. Ƙasar wannan kwari fara ce, domin ragowar ƙananan halittun ruwa ce da suka bushe. Wannan ne dalilin da ya sa hazon hunturu yake fari, ba ja ba kamar ƙurar guguwar bazara.

Ba rana ɗaya hunturu yake mamaye jihar ba. Yankunan arewa, irin su Ɗambatta da Kunci, su ne ke fara rabuwa da iskar damina mai laima, saboda haka su ke fara ɗanɗanarsa. A kudu kuwa, wajen Tudun Wada da Doguwa, inda dajin Falgore da duwatsun Riruwai suke, ruwa ya fi yawa kuma yakan jima bai ɗauke ba, don haka raɓar kaka takan daɗe tana sauka.

A nan ne harshe ya nuna gwanintarsa. Hausa ta bambanta *sanyi* da *ɗari*. Sanyi yana tafiya da laima, shi ya sa ake cewa ruwan sanyi, ba a cewa ruwan ɗari. Ɗari kuwa busasshe ne, iska ce ke kawo shi, kuma da asuba ya fi cizo, saboda busasshiyar iska ba ta riƙe zafin da ƙasa ta sha da rana. A birnin Kano ma'aunin zafi kan sauka zuwa wajen 13 da dare a Disamba da Janairu, ya hau kusan 30 da rana. Ke nan a farkon Nuwamba mutumin Doguwa na iya kukan sanyi alhali na Ɗambatta ya soma kukan ɗari, kuma kowannensu ya faɗi daidai. Abin takaici shi ne, yawancin masu fassara labarin yanayi sun tattara duka biyun a ƙarƙashin sanyi.

Manomi kam bai rikita su ba. Masu noman alkama a Kadawa, da ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974, suna gaggauta shuka a Nuwamba ne domin alkama ta yi 'ya'ya cikin ɗari. Wanda ya makara, zafin Maris zai tarar da ita ba ta cika ba.