Dajin Biyalowiyeza: kuɗin katako ko darajar bishiya a tsaye?

A zamanin mulkin gurguzu a Gabashin Turai, daji ba shi da farashi. Galibinsa na gwamnati ne, ita ke tsara yawan katakon da za a yanka a shekara, shi ke nan. Da tsarin ya rushe a Poland a 1989, kasuwa ta shigo, sai kowane abu ya zama dole a yi masa kuɗi. Nan ne dajin Biyalowiyeza, wanda ke kan iyakar Poland da Belarus, ya faɗa tsakanin ma'auni biyu.

Ma'aunin farko mai sauƙi ne: a sare, a auna, a sayar. Hukumar gandun dajin gwamnati ce ke riƙe da mafi yawan ɓangaren Poland, domin wurin da aka keɓe gaba ɗaya bai wuce kashi ɗaya cikin shida ba. Garin Hajnowka da ke bakin dajin ya tashi ne a kan masana'antar katako. Ga mutumin can, bishiya albashi ce, kuma itacen hura murhu ce a lokacin hunturu. Wannan kuɗi ne da ake ƙirgawa a hannu, kuma ba na ganin laifin wanda ya riƙe shi da muhimmanci.

Ma'auni na biyu ya fi wuyar kamawa. Masana tattalin arziki a Jami'ar Warsaw sun bi hanyoyi biyu: lissafa abin da baƙo ke kashewa na mota da lokaci kafin ya iso dajin, da kuma tambayar 'yan ƙasa nawa za su yarda su biya don a bar shi yadda yake. Da wannan ma'auni, bishiyar da ta faɗi tana ruɓewa, wadda ba ta da ko sisi a littafin mai katako, ita ce gidan ƙwari da naman kaza da tsuntsun makwakkwafi. Ɓaunar Turai ma ta shiga lissafi. An kashe ta ƙarshe a dajin a 1919, aka sake sakin wasu a 1952, yanzu sun haura 700 a ɓangaren Poland, kuma su ne baƙi ke tashi da asuba cikin ƙanƙara don gani.

A 2016 ma'aunan biyu suka yi karo. Ministan muhalli Jan Szyszko ya ninka saran bishiya har sau uku a wani yanki, da hujjar yaƙi da ƙwaron da ke cin ɓawon itace. Kotun Tarayyar Turai ta yi barazanar tarar yuro 100,000 a kowace rana, sannan a Afrilun 2018 ta yanke cewa Poland ta karya doka. Aka tsayar da injinan saran bishiya.

A ganina ma'auni na biyu ne ya fi kusa da gaskiya, domin katako ana iya noma shi a ko'ina, amma dajin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya tun 1979 ba a dasa irinsa. Sai dai yana da rauni babba. Darajar da ɗan Warsaw ya ambata a takardar tambayoyi ba ta shiga aljihun ɗan Hajnowka. Kuɗin yawon buɗe ido kuwa ba shi da tabbas: da aka rufe yankin iyaka a Satumban 2021 saboda rikicin 'yan gudun hijira, gidajen saukar baƙi suka zama wayam.

Tun 2001 dokar Poland ta ba ƙananan hukumomi ikon hana faɗaɗa wurin da aka keɓe, kuma na yankin sun daɗe suna ƙin yarda. Muddin al'ummar ƙasa na son dajin a tsaye, wajibi ne ta biya maƙwabtansa daga baitulmali, duk shekara, da kuɗin da za su gani a asusunsu.