Ɗan Leƙen Asiri a Cikin Aljihu: Labarin Pegasus da Wayar Salula

Ɗaya daga cikin manyan amfanin yaƙi da jahilci shi ne rufin asiri. A da, in wasiƙa ta zo wa mutum daga Kumasi ko Abijan, tilas ya nemi wanda zai karanta masa, kafin magariba kuwa rabin gari ya san nawa ɗansa ya aiko da bashin da ake bin sa. Da mutane suka iya karatu da rubutu, sai kowa ya riƙa buɗe wasiƙarsa da hannunsa. To, yau wasiƙa ta koma cikin wayar salula, kuma an sami masu karatu waɗanda ba a gayyace su ba. Labarin wata manhajar leƙen asiri mai suna Pegasus ya isa misali.

MENE NE PEGASUS?

Wani kamfani ne na ƙasar Isra'ila, mai suna NSO, wanda aka kafa a 2010, ya ƙirƙiro ta. Kamfanin ya ce gwamnatoci kaɗai yake sayar wa, da iznin ma'aikatar tsaron ƙasarsa, don a kama ƴan ta'adda da manyan masu laifi. Manhaja dai wani tsarin umurni ne da ake sa wa waya ko kwamfuta ta bi. In Pegasus ta shiga waya, takan kwashe saƙonni, da hotuna, da lambobin abokai, da bayanin wurin da mai wayar yake, ta aika wa wanda ya turo ta. Tana kuma iya buɗe abin ɗaukar magana da na ɗaukar hoto, wayar tana ajiye bisa tabarma, mai ita bai sani ba.

Tun 2016 kamfanin WhatsApp ya sa wa saƙonni wani irin kulle, yadda ba mai iya karanta su a kan hanya sai mai aikawa da mai karɓa. Wannan kulle yana aiki, amma bai hana Pegasus ba, don ita ba a hanya take tare saƙo ba. A cikin wayar take zaune, tana ganin magana tun kafin a kulle ta, da kuma bayan an buɗe ta.

YADDA ASIRI YA TONU

A watan Agusta na 2016, wani mai kare haƙƙin ɗan Adam a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Ahmed Mansur, ya sami saƙo a wayarsa. An ce masa ya taɓa wani adireshi zai ga labarin azabar da ake yi wa fursunoni. Bai taɓa ba. Sai ya tura saƙon ga masu bincike na Citizen Lab a jami'ar Toronto, ƙasar Kanada. Su ne suka gano tarkon, suka sanar da kamfanin Apple, shi kuma ya toshe ɓarakar. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aikin masu ƙera irin wannan manhaja ke nan, neman tsagewar da mai gini bai lura da ita ba.

Bayan shekara uku abin ya ƙara muni. A cikin watannin Afrilu da Mayu na 2019, an kai wa mutum wajen 1.400 hari ta hanyar WhatsApp a ƙasashe da dama. Wannan karo ba a bukaci mutum ya taɓa kome ba. Kira kawai ake yi, ko bai amsa ba manhajar ta shiga. Aƙalla 100 daga cikinsu ƴan jarida ne da masu kare haƙƙin jama'a.

A watan Yuli na 2021 kuma, ƙungiyar ƴan jarida ta Forbidden Stories da ke Paris, tare da Amnesty International da gidajen jarida 17, suka bayyana wani jeri na lambobin waya sama da 50.000, waɗanda suka ce masu sayen manhajar ne suka zaɓe su. A ciki akwai ƴan jarida sama da 180, da lambar shugaban Faransa Emmanuel Macron, da ta shugaban Afirka ta Kudu Cyril Ramaphosa. Kasancewar lamba a jerin ba ta nufin an shiga wayar. Amma cikin wayoyi 67 da masana suka duba, sun sami sawun Pegasus a 37. Kamfanin NSO ya musanta cewa jerin nasa ne, ƙasar Maroko da aka zarga ita ma ta musanta.

ABIN YA ISO YAMMACIN AFIRKA

Kada a ɗauka wannan rigimar Turawa ce. A 2020 masu bincike sun nuna cewa cikin waɗanda aka kai wa harin 2019 akwai mutanen Togo, har da Benoît Alowonou, babban limamin Katolika na garin Kpalimé, da wasu ƴan adawa, a daidai lokacin da ake gardama kan gyaran tsarin mulkin ƙasar. A Gana kuwa, cikin watan Mayu na 2020, babbar kotun Accra ta ɗaure tsofaffin manyan ma'aikatan gwamnati uku, saboda asarar dalar Amurka miliyan 4 da suka jawo wa ƙasa wajen cinikin kayan NSO. Kuɗin nan sun haura miliyar 2 na sefa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ya kamata ma'aikatan hukuma su lura da cewa makamin nan bai san babba ba. A 2022 gwamnatin Sifen ta sanar cewa an shiga wayar firaministanta Pedro Sánchez da ta ministar tsaro a shekarar 2021. Ma'aikacin da ya ɗauki hoton takardar biro ya tura ta WhatsApp don saurin aiki, ya sani cewa asirin ƙasa ya ɗora bisa wayar da bai san wa ke cikinta ba.

ABIN DA MUTUM KE BAYARWA DA HANNUNSA

Pegasus tana da tsada ƙwarai, ba a ɓata ta kan kowa. Manomi da ɗan kasuwa da mai sana'a, abin da ya fi shafarsu shi ne bayanan da kafofin sada zumunta ke tarawa kullum. Ba a biyan ko dala don buɗe shafin Facebook, saboda kuɗin kamfanin daga talla suke fitowa, talla kuwa tana bukatar a san mutum: shekarunsa, garinsa, abokansa, abin da yake so da wanda yake ƙi.

A 2018 aka gane inda irin wannan bayani ke iya ƙarewa. Mutum wajen 270.000 sun amsa wasu tambayoyi a Facebook, suna ganin wasa ne. Ta wannan hanya aka kwashi bayanansu da na abokansu, har adadin ya kai miliyan 87, aka miƙa wa kamfanin Cambridge Analytica mai aikin yaƙin neman zaɓe. Kamfanin ya yi aiki a zaɓen Amurka na 2016, ya kuma sa hannu a zaɓen Najeriya na 2015 da na Kenya. A 2019 hukumomin Amurka suka ci Facebook tarar dalar Amurka miliyar 5.

INA MATSAYIN DOKA?

Babu mai musun cewa ƙasa tana da haƙƙin bin sawun masu kisa da masu satar mutane, balle a yankin Sahel inda jama'a suka ɗanɗani ɗacin ta'addanci. Tambayar ita ce wa ke ba da izni, na kwana nawa, kuma wa zai binciki mai binciken. In babu amsa a rubuce, kayan da aka saya don ɗan ta'adda sai su koma kan ɗan jarida, ko malami, ko abokin hamayya.

Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar Malabo kan kare bayanan mutane a 2014, ta fara aiki a 2023. A Nijar an yi dokar kare bayanan sirri a 2017, wadda ta tanadi hukumar HAPDP. A 2020 kuma majalisar dokoki ta amince da dokar sauraron saƙonnin waya saboda tsaro, ƴan adawa da ƙungiyoyin farar hula suka soke ta don ta sa iznin a hannun shugaban ƙasa maimakon alƙali. A Amurka, gwamnati ta sa NSO cikin jerin kamfanonin da aka taƙaita hulɗa da su a watan Nuwamba na 2021. WhatsApp ma ya kai ƙara tun 2019, kotu ta sami NSO da laifi a ƙarshen 2024, a 2025 kuma ta hana shi sake taɓa masu amfani da WhatsApp.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Mai waya ba zai iya tare kowane hari ba, amma yana iya rage ƙofofi. In waya ta nemi a sabunta ta, ya sabunta, domin da haka ake liƙe tsagewar bango. Kada ya taɓa adireshin da baƙuwar lamba ta turo, ko da an yi masa alkawarin kyauta ko aiki. Lambobi shida da WhatsApp ke aikowa mabuɗin gida ne, ba a faɗa wa kowa su. Ya sa wa wayarsa lambar sirri, ya kuma cire katinta da abin da ke ciki kafin ya ba mai gyara ko ya sayar. Hoton katin shaida, da na iyali, da labarin ranar tafiya, ba kayan zubawa ba ne a dandalin da ke da mutum ɗari biyu.

Magana zarar bunu ce. Saƙon murya da aka aika wa mutum ɗaya da safe yana iya kwana a wayoyi dubu, daga Maraɗi har Agadas, mai shi kuwa ba shi da ikon maido shi. Saboda haka abin da mutum ba zai so a karanta a bainar jama'a ba, gara ya tashi ya je ya faɗa baki da baki. Allah ya rufa asirin kowa.