Dogo zai ratsa gonaki: mu koyi zama da shi



Masu zuwa ci-rani Kano ko Ƙauran Namoda sun san dogo. Amma da yawa cikinmu ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a hoto. A 2021 aka aza harsashin hanyar dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Katsina da Jibiya, kilomita 284. Gonaki za ta ratsa, da burtali, da turbar da mata ke bi zuwa rijiya.

Abu guda nike so ku riƙe: jirgi ba mota ba ne. Direban mota in ya ga jaki, shina iya kaucewa. Direban jirgi ba shi da sitiyari. Ƙahwarsa ƙarhe ce bisa ƙarhe, tana sulɓi. Jirgin kaya mai nauyi in shina gudu, ko an kama birki sai ya ci kilomita guda, ko hiye, kahin ya tsaya. Ke nan ko direba ya gan ka, iyakarsa ya busa maka ƙaho.

Kuma jirgi ya hi dogonsa hwaɗi. Tsakanin ƙarahun nan biyu bai cika mita 1 da rabi ba, amma jikin tarago shina kai mita 3. Wanda ya raɓa gehen ƙarhe da damin itace a ka, shina cewa ya kauce, bai kauce ba. Ja da baya taki biyar.

Mai amalanke, kai na hi ji wa tsoro. Kada ka hau dogo sai wurin da aka yi mashiga. Sauka, ka kama igiyar shanu, ka duba dama da hauni, ka saurara. Ka ƙetare kai tsaye. A karkace ƙahwar amalanke ke maƙalewa. In ta maƙale kuma ga jirgi tahe, bar ta ka gudu. Ranar hazo, kunne ya hi ido aiki, don haka a kashe rediyo.

Da damana ciyawa na yin kore bakin lambatun dogo, awaki na son ta, yara kuwa ke kiwon su. Ku gaya musu ba a kiwo can, ba a zama bisa ƙarhe, ba a aza masa dutse. Tsakuwar da aka zuba ita ke riƙe da dogo, kada kowa ya kwasa don gini.